Dakta Haladu da Tiren Alhaji Mudi

Duk wanda ya ci abinci da mu a unguwar Abu Hail ta Dubai ya san Dakta Haladu ba ya bari a yi bisimilla sai ya duba farce. "Yalla, maza a miƙo hannu!" Haka zai bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu da furfurarmu, kamar 'yan firamare.

Likitan dabbobi ne. A nan Dubai raƙuma yake dubawa, amma a gida ya yi shekaru yana nazarin macijin ciki a jikin alade, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Na ce masa, "Dakta, ka riƙa cewa tumaki mana. Wa zai bincika?"

Ya ce, "Malam Iro, cinsa aka hana ni, ba a hana ni bincikensa ba. Macijin cikinsa ɗan'uwan na cikin yaranmu ne."

Har guda ɗaya yake da shi a kwalba, fari, dogo. Wata rana muna tsakiyar cin taliya a ɗakinsa ya sauko da ita don mu gwada kauri. Kai! Tun ranar ban sake kallon taliya da mutunci ba.

To, kun san tiren Juma'a na Alhaji Mudi, mai harkar kago a unguwar Port Saeed. In an sauko masallaci a falonsa muke haɗuwa, kuma ga baƙon da ba shi da iyali a nan, tiren nan shi ne gida. Ranar da Alhaji ya ji tarihin Dakta, sai ya ce hannun da ya shiga hanjin alade ba zai shiga tirensa ba. Muka ce an wanke hannun nan shekara da shekaru. Ya ce sam.

Wani zai yi zuciya ya daina zuwa, amma ban da Dakta. Kowace Juma'a sai ya zo da farantinsa a leda, ya zauna bakin ƙofa kusa da takalma, a zuba masa, yana ci yana ba mu karatu daga can.

"Karon farko tsutsar nan kan huda hanji, ta bi hanta, ta bar farin tabo. Karo na biyu garkuwar jiki ta riga ta san ta, tun a hanji za ta kore ta. Alade ke nan fa. Kai kuwa Alhaji, sau nawa yaji ya kwantar da kai? Ga shi kana ƙarawa!"

Mu yi dariya, shi ma ya yi. Amma ni da muke komawa tare na san abin yana cinsa.

Ana nan Alhaji Mudi ya je Kano ya dawo. Bayan 'yan watanni ya ja ni bayan kwantena, yana gumi. "Iro, an jefe ni. Maciji ya fita daga jikina, da ransa! Gida zan tafi neman magani."

Na ce mu fara ganin Dakta.

"Na aladen?"

"Shi."

Dakta ya saurare shi tsaf, ya tashi ya ɗauko kwalba. Alhaji ya yi tsalle baya. "Wallahi shi ne! Me ya kawo shi nan?"

"Wannan yayansa ne."

"To ba ni magani, don Allah."

"Ni na dabbobi ne, Alhaji. In kana so in rubuta ka a cikinsu, bisimilla."

Da kansa Dakta ya kai shi asibiti, aka ba shi ƙwaya, zance ya ƙare.

Juma'ar da ta biyo, Alhaji ya muskuta ya buɗe wuri, bai kalli kowa ba. "Dakta, matso. Khalas, magana ta wuce."

Dakta ya ajiye ledarsa, ya zo ya zauna, ya kai loma. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce, "Gishiri ya yi yawa a wannan gefen. Ashe mu na bakin ƙofa ake zuba wa mai kyan." Amma bai tashi ba sai da tire ya yi fes.

Bara Allah ya karɓi ran Dakta, bayan jinyar kwana kaɗan. Alhaji Mudi yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma bai yarda wani ya wanke hannuwan Dakta ba sai shi.

Allah ya jiƙan Dakta Haladu, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa. Allah ya ba shi wurin zama a tsakiyar mutanen kirki. Amin.