Ciwon Dajin Da Ya Ɗauki Ɗan'uwana Ya Bar Ni

Ciwon daji ya kashe abokin tagwaitakata, ni kuma ko ciwon kai ban yi ba. Lokacin ina kabu-kabu a Tambuwal, shi yana noma a Kebbe. Ban yi boko ba, wani na sa ya rubuta muku wannan.

Tun muna yara, in ɗayanmu ya kwanta, Inna mu biyu take ɗura wa magani. Ƙyanda tare muka yi ta, haƙora tare muka zubar. Da haka na girma: abin da bai same ni ba, ba zai same shi ba.

Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, ya yi ta faɗi, ya fashe, ya ƙi warkewa. Matarsa ta tare ni ta ce don Allah in ɗauke shi a babur in kai shi asibiti, tunda maganata kawai yake ji. Na tuɓe takalmi na nuna musu ƙafata. Na ce namanmu ɗaya, nawa in ya yanke da toka yake warkewa, ya bar raki. Ya yi dariya ya ce dama ni na riga shi fitowa, sai ya bi babba. Damina ta yi nisa yana ɗingishi a gona. Sai da kaluluwa ta taso masa a matsematsi, ya daina tashi, na kai shi Sakkwato.

Likita ya ce abin ya riga ya bazu. Na miƙa masa ƙafata na ce ya duba, ai jiki ɗaya ne. Ya duba, ba komai. Ya ce gaskiya ne irinmu ɗaya, amma a cikin ƙwayoyin da suka haɗa jiki akwai abin da ke buɗe wani umarni ya rufe wani, shi ya sa fata ta san ita fata ce, hanta ta san aikinta. Ya ce da shekaru, buɗewa da rufewar nan kan bambanta ko tsakanin tagwaye. A ƙafar ɗan'uwana wasu ƙwayoyi sun manta aikinsu, sai hayayyafa. Na tambayi me ya sa shi ba ni ba. Ya ce bai sani ba. Ya ce da an zo da wuri, wataƙila da an yanke wurin.

Ɗan'uwana bai kai girbi ba. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, matarsa ma haka, kuma shirun nan ya fi mini zafi.

Kada kowa ya auna ciwon wani da lafiyarsa, ko ciki ɗaya suka kwanta. Miki in ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti.

Na sayar da babur. Ina Kebbe ina noma gonarsa. Ƙaramar ɗiyarsa in ta hango ni sai ta rugo, har yau ba ta san mu biyu ne ba.