Buhunan Ɗalibin da Ke Zaurenmu

Har yau idan na ji gorunan roba suna kwaramniya cikin buhu, sai gabana ya ɗan faɗi. Ka yi mini dariya idan ka so, amma ni na san abin da ƙarar nan ta jawo a gidanmu na unguwar Barunde.

Ina 'yar firamare a lokacin, shekarun da bam ke tashi a tashoshin mota, kowa na kallon jakar kowa. Kakata ta ba wani ɗalibin jami'a hayar ɗakin zaure. Babarbare ne, rikici ya koro danginsa daga Borno. Ita kuwa Bafullatana, ka san wasan da ke tsakani. Da safe sai ta ce, "Bawana, ka tashi?" Shi kuma ya ce, "Na tashi, Kaka, wa ya ba ki aron gari kike zaune?" Su yi ta yi har koko ya huce.

Sai ya fara shigo da buhuna. Yau biyu, gobe uku, a bayan Keke Napep. Wata rana ɗaya ya yage, gwangwanayen madara da na tumatir suka zubo. Shi ke nan! A lokacin kowa cewa yake da gwangwani ake haɗa bam ɗin. Kaka ta daina wasan. In ya gaishe ta, sai ta ce "Lafiya" a taƙaice, ta hana ni ko leƙa zauren. Ni ma, wallahi, tsoronsa na koma ji. Ko alwala yake yi sai in ga kamar wani abu yake ƙullawa.

Innata ta ce, "Inna, ki tambaye shi mana." Kaka ta ce, "In tambaye shi ya ce mini me? E, ni ne?" Ta yafa mayafi ta tafi gidan mai unguwa.

Da la'asar 'yan sintiri suka zo. Suka tsugunar da shi a ƙofar gida, suka zazzage buhunan a ƙasa. Maƙwabta suka ja baya, wata mata har da salati. Goruna ne, gwangwanaye, da tsofaffin bokitai da aka liƙe da wuta. Ya yi bayani: su ɗalibai ne 'yan sa-kai, suna tsince abin da ake zubarwa a makaranta. Gwangwani su raini dashen itace a ciki, bokitan da masu gama karatu suka bari su gyara su kai wa 'yan gudun hijira, goruna su wanke su ba mata masu zoɓo. An hana tara buhu a harabar makaranta saboda tsaro, shi ya sa yake kawowa ɗakinsa.

Babban 'yan sintirin ya ce, "Ka yi wannan bayanin a gaba." A shekarun nan, wanda aka kai gaba ba kowa ke dawowa ba.

Nan wata gora ta gangaro har ƙafar Kaka. Kunun aya take yi ana kai mata ƙofar jami'a, kuma kowace gora tata sai ta ɗiga mata jan farce a gindi. Ta ɗauka ta juya. Ga jan nan. Ta ɗauki wata, ga shi nan. Innata ta fashe da kuka ta ce, "Gorunan da kike yabon tsabtarsu, shi yake ba ni a ɓoye. Na san in na faɗa ba za ki karɓa ba."

Ban taɓa ganin Kaka ta yi tsawa irin ta ranar ba, rabi da Hausa rabi da Fillanci. "Ku sake shi! Ni na kira ku, ni na ce ku tafi. Ɗan gidana ne!" Da ƙyar mai unguwa ya sa baki suka bar shi. Ya durƙusa yana tsince gorunan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya kallonsa.

Washegari Kaka ta tsaya a bakin zaure da kwanon koko. Ta ce, "Bawana, ka tashi?" Ya fito ya russuna ya ce, "Ina kwana, Hajiya." Ba Kaka ba, Hajiya. Kafin mako ya zagayo ya koma ɗakin kwanan ɗalibai. Buhun wankakkun goruna bai daina zuwa ƙofarmu ba, amma mai Keke ke sauke shi.

Yanzu ni ma na yi karatu a jami'ar na gama. 'Yan sa-kai na yawo da buhuna da rana tsaka, ana ɗaukarsu hoto, ba mai ja da baya. Itatuwan da aka raina a gwangwani sun yi inuwa. Kaka kuwa har ta rasu, duk ranar da buhun ya iso sai ta tambayi mai Keke, "Bai ce a gaya wa Bafullatana komai ba?" Shi kuma ya ce, "Ya ce a gaishe da Hajiya."