Tiren Malam Idi Ba Na Bango Ba Ne

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Idi makwancinsa a nan Doha. Ni ba marubuci ba ne, direban motar kayan gwari ne, karatuna bai wuce firamare ba. Amma abin da idona ya gani ranar Juma'ar da ta wuce, da sunan tunawa da shi, ya hana ni yin shiru. Wanda zai ji haushi ya ji.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Idi mutumin Zangon Kumasi ne, ni kuma daga Gusau na fito. A kasuwar Abu Hamour muka haɗu, yana dakon buhunan albasa, ina lodi. Ɗaki ɗaya gare shi a Al Muntazah, a saman wani shagon wanki, sai tabarmar roba da wani ƙaton tire wanda gefensa ya lotsa. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, zai cika tiren nan da shinkafa da wake irin na mutanen Gana, ya zuba baƙin yajinsu, in an samu kifi a soya. Ba a gayyata. Ka ga takalma a bakin ƙofa, ka ƙara naka. Mai gadi, ɗalibin jami'a, wanda ya kwana yana rigima da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, kowa a tire ɗaya yake sa hannu. In jama'a ta yi yawa, bai taɓa cewa abinci ya kasa ba. Abin da yake cewa kawai, a matsa.

Yana da ɗa guda, Muniru, wanda ya yi wa karatu da kuɗin dako har ya samu aiki a wani babban kamfani a garin nan. Tun uban yana da rai Muniru ya daina hawa benen. Da kunnena na ji shi yana ce masa wai zama a ƙasa da cin abinci da hannu ƙauyanci ne, wai warin takalman mutane yana bin sa har ofis. Malam Idi bai ɗago kai ba, ya ci gaba da tsince wakensa.

Da ya rasu, tiren ya dawo ɗakina da ke benen nan ɗaya, tunda ba wanda ya neme shi. Hannuna bai kai nasa daɗi ba, amma Juma'a ba ta taɓa wucewa tiren yana kife ba. Sai bana.

Bana Muniru ya aiko wa jama'armu saƙo a waya cewa zai yi taron tunawa da Baba a wani otel na bakin teku, bayan sallar Juma'a. Ya kira ni ya ce kada in wahalar da kaina da girki, ya gama komai. Na ce to, alhamdu lillahi, ya dawo hanya. Tsofaffi suka saka kayan Sallarsu suka shiga bas. Har da Baba Salisu, mutumin da ya wanke gawar Malam Idi, wanda yanzu da ƙyar yake taka ƙafa.

A ƙofar gidan abincin Japanawa da ke saman otel ɗin, wata mata cikin doguwar rigar Japanawa ta rusuna mana da ladabi, ta ce ɗakin da aka kama na mutum goma ne. Muniru ya fito yana murmushi, ya ce ai ba a fahimci saƙon ba ne. Ya kama hannuna ni kaɗai, saboda ana bukatar wanda zai ba abokan aikinsa labarin marigayi. Sauran ya ce su ɗan jira a ƙasa, zai duba. Na shiga ne da niyyar in ja shi gefe mu yi magana.

To ku ji abin da na tarar. A bakin ɗakin aka ce mu cire takalma. Muka cire, aka jera su. A ciki babu kujera ko ɗaya, tabarma ce shimfiɗe da wani gajeren tebur, kowa ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa. Aka miƙo mana ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu. Can sai aka kawo abin da suke kira sushi. Muniru ya yi wa baƙinsa bayani cewa mai dafawa da tafin hannunsa yake dunƙula shinkafar, ya ɗora yankan ɗanyen kifi a kai, kuma wai masu sanin abin da yatsu suke ɗauka, ba da 'yan tsinkayen nan biyu na cin abinci ba. Ya sa yatsu uku ya ɗauka ya kai baki, ya lumshe ido. Ya ce wannan al'ada ce mai zurfi.

Cire takalmi, zama a tabarma, ci da hannu. Abin da ya raina ubansa a kai ke nan, sai ga shi yana koya wa mutane shi da alfahari, don kawai an ɗora shi a saman otel an kunna masa sanyi.

Ba ni da rigima da Japanawa. Abincinsu ne, sun riƙe nasu da mutunci, ba su ji kunyar tabarmar kakanninsu ba. Kifin ma ba laifi, in ban da wani koren yaji da ya hau mini hanci har na yi hawaye, wani Bature kusa da ni ya ɗauka kukan marigayi nake, ya dafa kafaɗata. Rigimata da ɗan da sai baƙo ya yi abu sannan ya ga kyansa.

Na yi ta tunanin me Malam Idi zai ce da ya ga wannan zama. Na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dubi loma ɗaya a tsakiyar faranti, kowa da nasa, ba mai tura wa wani. Zai dubi filin da ya rage a tabarmar. Sannan ya tambaya, su waye a waje? Ya ce a matsa.

Na raɗa wa Muniru cewa Baba Salisu yana ƙasa, ƙafarsa ba ta ɗaukar jira. Ya ce yanzun nan, bari a gama wannan zagayen. Aka gama, aka kawo wani. Sai ya gyara murya a gaban baƙinsa ya ce:

"Kawu Ɗanlami, tiren nan na Baba da ke wurinka, ina so a ba ni. Zan sa a goge shi a yi masa gilashi, in rataye a falona. Daga yanzu a nan za mu riƙa tuna shi duk shekara, kai ma ka huta."

Na ce, "Muniru, ubanka bai taɓa rataye tiren nan ba. Ko wanke shi aka yi, jingine shi yake ya bushe kafin wata Juma'ar."

Na tashi na nemi takalmina. A ƙasa ban same su ba. Sun gaji da kallon da ake yi musu, sun fita. A matsayar bas na tarar da su cikin ranar nan ta Doha, Baba Salisu zaune a gefen titi ya cire hula yana fifita. Muka koma Al Muntazah, na ɗora tukunya. Waken bai nuna ba sai bayan la'asar, aka ci shi da ɗan tauri, aka yi wa Malam Idi addu'a.

Mutumin nan bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ɗakinsa ma yanzu wasu ne a ciki, ba su taɓa jin sunansa ba. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne akwai ƙofa a garin nan da mai yunwa zai tura ranar Juma'a ba a tambaye shi wa ya gayyace shi ba. Ranar da tiren nan ya hau bango, ranar Malam Idi zai mutu na biyu, kuma ba da hannuna ba.

Muniru, na san kana karanta jarida. Tiren gadonka ne, ban musa ba. Yana nan inda ka sani, kowace Juma'a. In kana son sa, ka hawo benen, ka cire takalminka, tunda yanzu ka iya. Za mu matsa maka.