Da gangan na rage wa ciyawar ruwa

Shekarun baya, ina aikin ban-ruwa a wani filin golf a Doha, kamfaninmu ya tura ni kwas na mako biyu a Ingila. Ni da na saba da ciyawa kore shar kamar an shafa mata fenti, sai aka kai mu wani tsohon fili da ake ta zuzutawa. Ƙasar rairayi ce, ciyawar ta yi jaja-jaja, gefe-gefe kuma gajerun tsirrai ne masu ƙananan furanni. Wallahi na ɗauka fako ne irin na bayan garinmu inda ake sakin awaki.

Da iyayina na ja dattijon da ke kula da filin gefe, na ce, "Baba, injin ruwanku ne ya lalace? Aikina ke nan, in duba muku."

Ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce, "Da gangan muke barin ta da ƙishirwa. Ciyawar da aka shagwaɓa ba ta zurfafa saiwa." Ya zaga da ni, ya nuna mini yadda ƙwallo ke gudu a ƙasa mai tauri, da yadda magina suka bi tudu da kwari yadda suka same su, ba su baje komai ba. Abin ya shiga raina sosai.

Na dawo Doha kaina na hayaƙi. Ban nemi izinin kowa ba, na zaɓi wani lungu na filinmu na rage masa ruwa. Na manta ranar Doha ba ta Ingila ba ce. Cikin mako uku rabin wurin ya ƙone ƙurmus.

Manaja ya kira ni ofis, ya miƙo takarda. An rubuta wai sakaci na yi, na manta ban buɗe famfo ba. Ya ce, "Sa hannu, khalas, shi ke nan a sabunta maka kwantiragi." Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Abokina ɗan Zango, mutumin Ghana, da muke ɗaki ɗaya, ya yi ta lallashina. "Ɗan'uwa, ciyawa ce fa. 'Ya'yanka uku suna makaranta."

Washegari na koma. Na ce, "Yallaɓai, na yi kuskure, na kuma yi gaban kaina, duk na yarda. Amma shekara bakwai ban taɓa manta famfo ba. Rubuta cewa gwaji na yi bai yi kyau ba, yanzu in sa hannu."

Ya ce takarda ba ta canzuwa. Na ajiye masa bironsa.

Bayan wata biyu kwantiragina ya ƙare, na hau jirgin gida. Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Matata ta yi mako guda ba ta kula ni, kuma ban ga laifinta ba.

Har yau in na tuna wurin nan da na ƙona ina jin kunya. Wautar tawa ce, na ɗauke ta. Amma in sa hannu da kaina a kan cewa ni mai sakaci ne, don kawai a bar ni in zauna? Ko yau aka miƙo mini takardar nan, haka za ta koma ba hannuna a jiki.