Dagatai Biyu da Na Cire Daga Tarihi

Har yau ban manta da ranar da na zauna a gaban Iya Talatu ba, a wani ƙauye da ke bayan Ba'awa a ƙasar Kiru, ina ganin na fi ta sanin tarihin garinsu. Lokacin ina ƙaramin jami'in bincike a ofishinmu na tarihi, shekarata ta uku a aiki. An ba ni aikin tattara jerin dagatan wasu ƙauyuka daga Bebeji har Doguwa, za a buga ɗan littafi.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idarsa ita ce ka karanta abin da ke rubuce, ka saurari dattawa, sannan ka gwada wannan da wancan. Kowace majiya sai ka bi diddiginta: wa ya faɗa, daga bakin wa ya ji, me zai samu idan aka yarda da shi. Na haddace wannan tun a makaranta. Amma kafin in shiga ƙauye na riga na sami rahoton wani Baturen mulki a ɗakin ajiye tsofaffin takardu, bugun tafireta, da hatimi da sa hannu. Dagatai bakwai ya lissafa wa garin. A zuciyata aiki ya ƙare.

Mai unguwa ne ya kai ni wurin Iya Talatu, ya ce babu wanda ya kai ta shekaru a garin. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa, ta jero mini dagatan cikin wata waƙar niƙa da ta koya wurin kakarta. Na ƙirga, tara. Tsakanin na huɗu da na biyar ta sa Jibo da ƙanensa Barau.

Na ce, "Iya, ai takarda bakwai ta ce."

Ta ɗago kai ta dube ni. "To ɗan nan, ita takardar wa ya gaya mata?"

Dariya na yi. Ban rubuta waƙar ba, ban ɗauki muryarta a kaset ba. Sunayen biyu kawai na rubuta a gefen takarda, na sa musu alamar tambaya.

Da na koma ofis na miƙa wa Darakta rahotona. Ya ga alamar, ya tambaye ni. Na ce, "Yallaɓai, tsufa ne kawai, ta haɗa sunaye." Ya ce, "Ka nemi majiya ta uku?" Na ce na nema, babu. Gaskiya ban nema ba. Aka buga littafi da dagatai bakwai.

Bayan wasu shekaru dagacin garin ya rasu. Alhaji Ado, wanda ya fito daga zuriyar Jibo, ya shiga neman sarautar. Masu tantancewa suka buɗe littafinmu, suka ce gidansu bai taɓa sarauta ba, aka cire sunansa. Ni ban ma ji labari ba, sai da wani malamin tsangaya daga Ƙafin Maiyaki, Malam Sani, ya zo ofis da wani tsohon littafin fiƙihu a cikin gafaka.

Ya ce, "Kakana ne ya kwafe shi da hannunsa. Duba ƙarshe."

A shafin ƙarshe, kamar yadda marubuta suke yi a da, kakan ya rubuta cewa ya gama kwafin a garin su Iya Talatu, a zamanin Dagaci Barau. Na duba takardar da tawadar, na gwada hannun da sauran rubuce-rubucensa. Babu alamar ƙari ko gyara. Kuma mutumin ba ɗan gidan sarauta ba ne, ba shi da abin da zai samu.

Na koma kan rahoton Baturen, wannan karon na karanta shi har bango. A wani ɗan bayani na shafin baya ya ce dagacin lokacin ne ya ba shi jerin, ta bakin tafinta. Mahaifin dagacin nan kuwa shi ne na biyar a jerin, wanda ya karɓi sarauta daga hannun Barau. Ashe takardar da na ɗauka alƙali ce, maganar mutum ɗaya ce mai son a manta da wani gida.

Washegari na hau babur zuwa ƙauyen. Mai unguwa ya ce, "Ayya, Iya ta rasu tun daminar bara." Na tambayi matan gidan ko akwai wadda ta riƙe waƙar. Kowacce inji take kai niƙa yanzu, babu wadda ta iya ko baiti ɗaya.

Na rubuta wa Darakta takardar gyara, na amsa laifina, aka mayar da sunayen a bugu na biyu. Amma an riga an yi naɗi. Na sami Alhaji Ado a shagonsa a Kwanar Dangora na ba shi haƙuri. Ya ce, "Malam, sarauta ta Allah ce, ban riƙe ka ba. Abin da ya yi mini ciwo, 'ya'yana sun karanta littafin nan, suka zo suna tambayata ko ƙarya nake yi musu."

Ku da kuke fara wannan aiki yanzu, hatimi ba ya mayar da magana gaskiya, tsufa kuma ba ya mayar da ita shirme. Ku karanta takarda har ƙarshe, ku ɗauki maganar dattijo ko da ba ku yarda da ita ba, domin ba lallai ku sake samunsa ba. Mutanen da muke rubuta sunayensu sun daɗe a ƙasa, amma jikokinsu suna nan, kuma suna karantawa.