Wayar da Aka Kawo Ofis Cikin Buhu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin waya, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Litinin da Alhaji Mu'azu ya shigo ofishinmu da buhu a hannu. Ɗazu na ji kuna gardama a kan kamfanin da datarsa ta fi arha da wanda tasa ke ƙarewa kafin wata ya raba, kowa yana duba wayarsa yana ganin abin da ya ci da abin da ya rage. A farkon shekarun casa'in babu wannan. Ofishi ɗaya ne, layi ɗaya ne, abin da aka rubuta maka a bil shi za ka biya.

Bari in yi muku bayanin yadda tsarin yake. Kowane mai wayar tarho yana biyan kuɗin haya na wata, ko ya buga ko bai buga ba. Bayan haka yana da mita tasa a ɗakin injinanmu. In ka kira cikin gari, mitar ta motsa kaɗan. In ka kira Legas ko Fatakwal, sai ta dinga tsalle muddin kana magana. Ƙarshen wata a karanta ta a rubuto maka jimla. Mitar ba ta faɗin inda aka kira, ba ta faɗin ranar, balle wanda ya kira.

Ni a lokacin ma'aikacin layi ne, ina jiran ƙarin girma zuwa shugaban ƙaramin rukuni. Yankina shi ne cikin birni: kebul ɗin da ya shigo ta Ƙofar Doka da duk falwayoyin da ya ratsa. Duk abin da ya sami layi a can, Garba za a kira.

Alhaji Mu'azu ɗan kasuwar fata ne a Kwarbai, mutum mai tsantseni da ba ya son a cuce shi ko da sisi. Ya jira layi shekaru kafin ya samu. Watanni biyu na farko bil ɗinsa ya zo daidai. A na uku ya ninka, a na huɗu ya sake ninkawa. Ya zo ya yi ƙorafi, aka ba shi amsar da muke ba kowa: ya binciki gidansa. Ya sayi ɗan kwaɗon nan da ake saƙalawa a ramin lambobi don kada a juya su. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a hannun ƙanensa Malam Tukur, wanda ke ɗinkin babbar riga a shagon ƙofar gida, saboda shi ke amsa kiran abokan ciniki in Alhaji ya fita. Bil na gaba bai ragu ba.

Daga nan Alhaji ya bi maƙwabtansa masu waya, ya aro takardunsu ya jera da nasa. Wani ɗan kwangila da ke yini a kan waya bai kai shi ba. Sai ya tsayar da zarginsa a kan mai makulli na biyu. Daga baya na ji cewa bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. A gaban iyali ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullinsa. Malam Tukur ya ba shi, ya rantse bai taɓa kiran ko Kaduna ba, bayan kwana uku ya kwashe kayan ɗinkinsa da iyalinsa ya koma haya.

Bil na bayan tashinsa ya fi duk na baya. Shi ya sa ran Litinin ɗin nan Alhaji ya tsinke wayar daga bango, ya jefa ta cikin buhu da kwaɗonta, ya zo ya ɗora a teburin shugabanmu, Injiniya Bala.

Ya ce, "Ga ta nan, ku riƙe. A karanta mita yanzu a gabana, a sake karantawa ran Litinin mai zuwa. In ta tsaya, ɓarawon yana gidana. In ta motsa, yana gidanku."

Injiniya ya yarda, ina jin don ya tabbata mitar za ta tsaya. Aka rubuta lamba, su biyu suka sa hannu, aka kulle wayar a kabad. Da mako ya zagayo aka je aka duba. Mitar ta yi gudu sosai.

Ba a rufe ofis ranar ba sai da takardar tuhuma ta iso hannuna, in yi bayani cikin kwana bakwai yadda aka yi layin da babu waya a kansa yake kira a yankina. A zamanin an san wasu ma'aikata na jona layin mutane su sayar wa masu shagon buga waya, kuma wanda aka kama kora ce, wani lokaci har da 'yan sanda. Abokan aikina suka fara yin shiru in na shigo. Ni ma ban bar kowa ba. Na zargi Audu, wanda muke hawa falwaya tare, saboda ya sayi sabon babur. Na zargi mai karanta mita. Na zargi wani mai shagon waya a wajen Ƙofar Doka, har na yi yini biyu ina shan shayi a gefen shagonsa ina bin wayoyinsa da ido. Na ma koma ina tunanin ko Malam Tukur ne ya sami wanda ya ja masa layin zuwa gidan haya don ya rama. Na hau duk falwayoyin da ke tsakanin akwatin rarraba layi da gidan Alhaji, ban ga jonin kowa ba.

A kwana na huɗu na roƙi Injiniya ya bar ni in zauna a teburin gwaji, inda ake ganin fitila ta kama in an ɗaga waya a layi. Doka ta hana sauraron maganar mutane, amma ya ba ni izini a rubuce, tunda mai layin ba shi da waya. Ranar Alhamis fitilar ba ta kama ba. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ta kama. Na sa wayar gwaji a kunne ina jiran muryar ɗan kasuwa ko wani da na sani.

Muryar tsohuwa na ji. Tana tambayar wata mace a Legas ko zazzaɓin jaririyar ya sauka, tana faɗa mata yadda za ta dafa ganye, tana ƙorafin gwiwarta. Babu gaggawa a maganarta, babu raɗa irin ta mai laifi. Can sai matar Legas ta tambaya ko an gyara magudanar da ke ƙofar gidansu a Ƙofar Jatau. Na ajiye wayar.

Na tafi ɗakin katuna. Kowane zaren waya biyu da ke cikin kebul yana da katinsa, da tarihin duk wanda ya taɓa amfani da shi. Katin layin Alhaji ya nuna cewa kafin shi, zaren na wani Malam Abdu ne, tsohon malamin makaranta a Ƙofar Jatau, wanda ya rasu aka yanke layinsa. A tsohon tsarin kebul ɗinmu, zare ɗaya yakan fito a falwaya biyu a unguwanni daban, don a ba duk wanda ya fara nema. Saboda haka ƙa'ida ce, kafin a ba sabon mutum, sai an hau falwayar tsohon an cire wayar da ta sauka gidansa. Akwai takardar aiki a manne da katin. An rubuta "an cire", kuma sa hannun da ke ƙasa nawa ne.

Na tuna ranar. Ana ruwa, tsani yana wajen wani rukuni, takardu sun taru, ana matsa mana mu rufe na wata. Na ce a raina layin matacce ne, gobe na je. Na sa hannu, ban je ba.

Da safe na nufi Ƙofar Jatau ni kaɗai. Wayar na nan, ta sauko daga falwaya ta shiga ta saman katanga. Na yi sallama, wata maƙwabciya ta yi mini iso wajen matar marigayin, Hajiya Asabe. Ta karɓe ni da fara'a da ta ji daga ofishin waya nake, har ta sa aka kawo mini ruwa. Wayar tarhon tana kan ɗan tebur, an rufe ta da kyallen saƙa. Ta ce tun rasuwar Malam take goge ta, wata rana ta ɗaga sai ta ji ta da rai. Ta ɗauka surukinta ne ya biya a ɓoye, shi kuma da ta yi masa godiya ya ɗauka 'yan'uwan marigayin ne. Ƙararrawar wayar ta daɗe da lalacewa, don haka ba ta taɓa jin kiran da ake yi wa Alhaji ba. 'Yarta ta gwada tsohuwar lambarsu ba ta shiga, sai suka ce wayar mai fita ce kawai. Sau ɗaya ta ɗaga ta ji maza suna cinikin fata, ta ajiye, don ta san layuka kan haɗu.

Na faɗa mata gaskiya a hankali. Sai ta tambaye ni ko ta ci haƙƙin wani ke nan duk watannin nan. Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce ba laifi ta tambaya ba, haƙƙi ta tambaya. Ta roƙe ni in bar ta ta kira 'yarta sau ɗaya ta faɗa mata kada ta jira ta ran Juma'a, sai kuma ta fasa da kanta, ta ce wannan ma a kan mutumin zai faɗa. Tana tsaye a tsakar gida na hau na cire wayar.

Da na kai wa Injiniya labari, ya ce abin ya zo da sauƙi: a rubuta jonin haram a gida kaza, a aika wa matar bil, in ba ta biya ba doka ta yi aikinta. Bai ga takardar aikin ba tukuna, tana aljihuna. Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya a gabansa ina lissafin cewa in takardar ta ɓace babu mai nemanta. Ina da 'ya'ya huɗu, sunana yana cikin jerin ƙarin girma. Sannan na ciro ta na ajiye masa.

Ya karanta, ya dube ni ya ce, "Garba, ka san abin da wannan zai ja maka?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma matar ba ta hau falwaya ba. Ni ma ban hau ba, shi ne matsalar."

Aka rubuta rahoto yadda abin yake. Aka mayar da bil ɗin Alhaji kan abin da ya saba biya a watannin farko, ba a nemi komai wajen Hajiya ba. Ni aka ba ni gargaɗi a fayil, aka cire sunana daga jerin, sai bayan shekara biyu na sami ƙarin girman. Audu ne ya hau kujerar, kuma babur ɗinsa ashe gonar gado ya sayar ya saye shi.

Ni na mayar wa Alhaji wayarsa na jona. Na yi masa bayani tun daga kati har zuwa sa hannuna, ina jiran faɗa. Bai tambayi kuɗin da za a rage masa ba. Sai ya ce in taimaka in bi shi wajen ƙanensa in maimaita abin da na faɗa, don shi in ya faɗa ba zai shiga ba.

Muka sami Malam Tukur a wani zauren aro, da riga a cinya yana ɗinki. Ya gaishe da yayansa yadda ya kamata, ya shimfiɗa mana tabarma. Na yi bayanina, allurarsa ba ta tsaya ba. Da na gama Alhaji ya nemi gafararsa, ya ce shago da ɗakuna suna nan yadda ya bar su.

Malam Tukur ya ce, "Na yafe, Yaya. Amma ranar nan na rantse maka da Allah ba ka yarda ba. Yau ma'aikacin waya ya faɗa ka yarda."

Bai koma gidan ba. Suna gaisawa, suna haɗuwa a suna da jana'iza, har Alhaji ya rasu, amma bai sake kwana a gidan ba. Hajiya Asabe kuwa, na ji ta aika wa Alhaji da saƙon neman yafiya ta hannun limamin unguwarsu, ya mayar da amsa cewa shi ke neman addu'arta.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu lamba takan fito daidai amma ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma in mutum ya ga lambar da bai gane ba, na kusa da shi yake fara tuhuma. Mu a ofis kalma ɗaya muke da ita ga mai ƙorafi, ya binciki gidansa, ba mu taɓa tunanin abin da kalmar ke yi in ta isa gidan ba. Daga ranar har na yi ritaya ban sake faɗa wa kowa ita ba sai na bi layinsa da ƙafata. Kuma duk ma'aikacin da ya kawo mini takarda an rubuta "an cire", nakan tambaye shi falwaya ta nawa ce, me ya gani a samanta. In ya yi jim, in miƙa masa tsani.