Kalmar da Na Jefi Baffa Hamza Mai Inji da Ita

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina zaune a teburina na cajin waya a bakin layinmu a Dutse, sai ga Ɗanliti mai adaidaita ya tsaya a gabana. Ɗanliti ba ya tsayawa bai tsokane ni ba, amma ran nan kashe keken ya yi, ya sauko, ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce, "Auwalu, Baffa Hamza ya rasu. Yanzu aka bugo daga Aujara. Bayan azahar za a kai shi." Na yi salati, na juya na kalli ɗakin injin niƙan da ke jikin teburina. Kwana huɗu ke nan ƙofar na garƙame, tun da ya tafi garinsu girbin gero. Zazzaɓi aka ce, na kwana biyu. Abin da ya fara zuwa raina ba kuka ba ne, tsoro ne, domin na san akwai abin mutumin nan a wuyana, kuma ya tafi ban sauke ba.

Ni ba malami ba ne. Karatun nan ma a jikin waya da tsofaffin jaridun ƙunshin tsire na koye shi, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara. Amma wanda ya ga na yi zafi, ya bar ni da zafina, da kaina nake.

Baffa Hamza ɗan makiyaya ne. Da shanun gidansu suka ƙare ya shigo Dutse ya koyi aikin inji, ya tsufa a cikinsa. Ciwon kunne ya taɓa shi tun yana ƙarami, ƙarar inji ta ƙarasa saura, har ta kai sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona kafin ya ji ka. Amma ban taɓa ganin mai saurare irinsa ba. Tafin hannu yake ɗora wa inji ya ce bel ya saki. In abin ya ɓuya, sai ya ciji sifana da haƙora, ya dafa ɗaya bakin a jikin ƙarfen, ya lumshe ido, ya faɗi inda ciwon yake kafin bakanike ya iso. Yakan ce, "Inji yana faɗin abin da ke damunsa, ku ne ba ku da haƙurin ji."

Duk wadda ta taɓa kai masa niƙa ta san wannan: in ya gama, ba ya miƙa kwano sai ya bubbuga bakin injin da icce, sau uku, sau huɗu, har ɗan garin da ya maƙale ya zubo. In ana layi aka ce ya yi sauri, sai ya ce, "Wanda ya maƙale ma da mai shi." In ya markaɗa tattasai, sai ya wanke injin tas kafin ya zuba waken ƙosai, ko da mai waken ta ce ba komai. Wannan shi ne jarinsa. Ba shi da gida na kansa a Dutse, ba shi da mota. Sunansa kawai yake da shi.

A damina ta bana wani gem, wato wasan waya, ya shigo mana layi. Ni na fara tura wa samari a waya. Kiɗa ne ke tashi, wasu ƴan duwatsu masu launi suna zubowa daga saman gilashin wayar, kai kuma kana taɓa su da yatsu daidai lokacin da kiɗan ya buga. Ka yi gaggawa, ka faɗi. Ka makara, ka faɗi. Mu muka sa masa suna Ƙanƙara, saboda yadda suke zubowa. Waƙar ƙarshe a cikinsa kuwa Mahaukaciya muke ce mata, don babu wanda ya taɓa kai rabinta.

A kanta muke musu kullum a bencin gaban teburina. Sadiku, wanda yake karatu a jami'a a Kafin Hausa, in ya zo hutu sai ya gyara tabarau ya ce, "Gem ɗin nan adali ne. Ba ya ƙin kowa. Ku ne yatsunku kamar na masu kirɓa sakwara."

Ɗanliti ya ce, "Adalin gidanku. Don masu babbar waya aka yi shi. Tawa kafin ta san na taɓa ta, an tashi daga biki."

Sadiku ya ce, "To kai ka sayi waya mana, ka bar yawo da murfin tukunya."

"Murfin tukunyar da shi nake kiran fasinja, ɗan boko. Kai da taka mai tsadar a ina ka tsaya?"

Ni kuwa ra'ayina ɗaya ne, kuma da ƙarfi nake faɗinsa: Mahaukaciya ba don ɗan Adam ya gama ta aka yi ta ba. Tarko ce. Masu gem ɗin sun yi ta ne don mu yi ta cin rai. Duk wanda ya ce ya gama, ƙarya yake. Wata biyu ina fama da ita, na sa abin kunne marar igiya, na toshe duniya, yatsuna har kanta suka yi, kullum a wuri ɗaya take kayar da ni. Na gwammace in ce ba ta yiwuwa da in ce na kasa.

Baffa yana kallonmu daga ƙofar inji, fari fat da gari har gira. Wata rana ya miƙo mini ƴar wayarsa mai tsagaggen gilashi ya ce, "Sa mini abin nan da yake hana ku sallar la'asar a kan lokaci, in ga mene ne." Muka yi dariya. Ɗanliti ya ce, "Baffa, na masu kunne ne fa!" Ya yi murmushi, ban sani ba ko ya ji. Na tura masa.

Bayan mako uku, ranar wata Laraba da safe, layin niƙa ya cika, tsofaffin mata da ƴan mata da kwanukansu har bakin titi, inji na ruri. Baffa ya yafuto ni, ya nuna mini wayarsa. Mahaukaciya ce, an gama ta har ƙarshe, ga taurari sun jeru. Sadiku da Ɗanliti suna bayana suna leƙe. Na ji jini ya hau mini kai. Na buɗe murya yadda muka saba yi masa magana, daidai lokacin da ya miƙa hannu ya kashe injin don ya ji abin da zan ce. Wuri ya yi tsit, muryata ita kaɗai ta fita:

"Baffa, wannan ha'inci ne! Wallahi ha'inci ka yi!"

Ni nufina wani ne ya buga masa, ko an yi wa gem ɗin wata dabara. Amma ku da kuka san layin niƙa, ku faɗa mini, in aka ce da mai inji ya yi ha'inci a gaban mata masu jiran gari, me kunne zai ɗauka? Babu wadda ta ga wayar. Kalmar suka ji, suka kuma ga wanda ya faɗe ta: maƙwabcinsa da yake zaune a jikin ƙofarsa tun safe har magariba, wanda in akwai abin gani shi zai fara gani.

Baffa ya dube ni, ya dubi matan, ya sa wayar a aljihu, ya tayar da inji.

Kafin mako ya zagayo, layin ya ragu. Ina zaune ina kallon kwanukan da na sani suna wuce mu zuwa injin bayan masallaci. Wata tsohuwa ta kawo dawa, ta tsaya a kansa ta zura ido a mazubin har aka gama, abin da ba a taɓa yi masa ba. Ya bubbuga mata bakin injin kamar kullum.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, babu kowa a layin, ya kira ni ciki. Ya kwantar da wayar a kan benci, ya ƙure mata sauti, ya ɗauko sifanarsa ya cije, ya dafa bakinta a gefen wayar, ya sunkuya. Ya kunna Mahaukaciya. Na tsaya ina kallon yatsun da inji ya cinye wa farce suna sauka a kan duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba makara, ya wuce inda nake faɗuwa bai ko ƙifta ido ba, har ƙarshe. Da haƙori yake jin kiɗan, kamar yadda yake jin injinsa. Daga baya Sadiku ya gano cewa abin kunnen nan marar igiya da muke taƙama da shi, sautinsa yana ɗan makara kafin ya iso, shi ya sa muke bugu a bayan kiɗa muna zagin gem.

Ya tofar da sifanar a hannu ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Baffa."

Ya ce, "Wasan nan bai dame ni ba, ɗana. In ka so ka goge shi yanzu. Amma kalmar nan taka ta shiga gidajen da ni ba na shiga. Ni in na ce ban yi ba, mai laifi ma haka yake cewa. Kai ka faɗa, kai za a ji."

Na ce, "Zan faɗa."

Ban faɗa ba. Ga gaskiyar da nake so a rubuta a kaina. Na ce gobe. Gobe ta zo, Ɗanliti da Sadiku suna benci, na tuna yadda za su yi mini dariya a ce kurma ya fi ni jin kiɗa, na haɗiye. Na ce in ya dawo daga girbi. Kunyar samari biyu na fifita a kan sunan dattijo.

A keken Ɗanliti muka tafi Aujara. Mun sami sallah. Bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaune a tabarmi a ƙofar gida, babban ɗansa Malam Kabiru, wanda yake koyarwa a Jahun, ya tsaya a kaina.

"Kai ne Auwalu mai caji?"

Na ce ni ne.

"Mahaifiyarmu ta ce a tambaye ka, a nan, ba a gefe ba. A gidan suna ta ji mata suna cewa maƙwabcinsa ya kama shi da ha'inci. Ta tambaye shi, ya ce maganar yara ce. Yanzu yana ƙasa. In ya taɓa garin mutane ka faɗa mana, mu nemi masu shi mu roƙe su tun da wuri, kada a bar shi da haƙƙi a kabari."

Dattawa suka juyo. Na gane cewa in na wanke shi daga sata, zan tona cewa dattijo mai furfura yana buga gem ɗin kiɗa, a gaban mutanen da ba su san shi da haka ba. Amma babu hanya ta uku.

Na ce, "Bai taɓa ƙwayar kowa ba. A kan wasan waya na faɗi kalmar. Ya fi ni iyawa ne, na ji haushi. Kuma ko a wasan bai yi ha'inci ba, da idona na gani. Ni ne maƙaryacin."

Wani tsoho a gefe ya ce, "Wasan waya? Hamza? Wane irin wasa?"

Na ce, "Na kiɗa, Baba."

Ya ce, "Subhanallahi. Kiɗa, da girmansa."

Bakina ya so ya fi ƙarfina. Na ji amsa ta taso mini mai zafi, irin wadda na saba. Malam Kabiru ne ya riga ni. Ya ce, "Baba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma Shi mai gafara ne. Na mutane nake tsoro." Sannan ya kama hannuna, riƙon da ba na zumunci ba, ya kai ni bakin zaure ya ce, "Maimaita. Da ƙarfi, yadda ka faɗi ta farko."

Na maimaita, mata suna jina ta bayan katanga. Can muryar Goggo Dije, matarsa, ta fito a dishe: "Mu nan mun ji, yaro. Dama mu mun san wanda muka zauna da shi. Matan Dutse fa, wa zai gaya musu?"

Shi ya sa na yi wannan rubutu. Ban sani ba ko Baffa ya yafe mini, bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba lokacin da ake iya tambaya. Wannan nawa ne, zan je da shi. Roƙona ga duk wanda ya karanta a unguwarmu: kada ka tsaya a danna alamar kuka ka wuce. Ka shiga gida ka karanta wa mahaifiyarka, da matarka, da yayarka, da babbar murya. Ka ce musu Auwalu mai caji ya ce ƙarya ya yi, Baffa Hamza bai taɓa cin garin kowa ba. Wadda ta faɗa wa wata a da, ta koma ta faɗa mata wannan.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Hamza, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Abin da ya yi na kuskure Ka shafe, zaluncin da harshena ya yi masa Ka mayar masa da shi lada. Ka ba Goggo Dije haƙuri, Ka tsaya wa Malam Kabiru da ƙannensa, Ka rufa musu asiri yadda mahaifinsu ya rufa wa wanda ya ɓata shi. Mu da muka saura, Ka kama mana harsunanmu, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.